Kolcikum: furen makiyaya da rigimar ma'auni

Idan watan Satumba ya kama a tsakiyar Turai, bayan an yanke ciyawar makiyaya an kwashe, akwai wani fure da yake ɓullowa daga ƙasa shi kaɗai, ba ganye ba reshe. Launinsa ruwan hoda ne mai sirkin shuni, wuyansa fari siriri, tsayinsa da kaɗan ya wuce taƙi. Abin da mai kallo zai ɗauka kara ne ba kara ba ne, wuyan furen ne ya miƙo tun daga ƙarƙashin ƙasa, inda mahaifar irin take kwance a jikin wani dunƙulen tushe mai kama da kan albasa. Furen ya yi 'yan kwanakinsa ya bushe, hunturu ya zo ya rufe wurin. Sai wajen Afrilu ganyaye masu faɗi da sheƙi su fito, riƙe da kwanson iri a tsakiyarsu. Mutanen da, ganin iri a farkon shekara fure kuma a ƙarshenta, sai suka yi masa laƙabi da Latin mai ma'anar "ɗa kafin uba". Masana tsirrai suna kiransa Colchicum autumnale, daga sunan Kolkis, tsohuwar ƙasar da ke gabashin Baharul Aswad, inda yammacin Jojiya yake a yau. Ba a shuka shi kowace shekara. Tushen nan yana haifar sabo a gefensa kafin ya ruɓe, haka zai yi ta zama a wuri ɗaya shekara da shekaru.

Shanu sun san shi. In suna kiwo sukan ci ciyawar da ke kewaye da shi su bar shi tsaye. Matsalar tana zuwa ne in an yanke shi tare da ciyawa an busar an yi ingirici, domin bushewa ba ta kashe dafinsa, dabba kuma ba ta iya tsince shi daga cikin dami. Tafasawa ma ba ta kashe shi. Awaki da tumaki sun fi shanu da dawakai jure masa, amma dafin yana bi ta nononsu.

Mutane kuwa a watannin Afrilu da Mayu suke faɗawa. A Jamus da Ostiriya da Siloveniya da Kuroshiya akwai al'adar shiga daji tsinkar ganyen wata tafarnuwar jeji da ake sawa a miya da kwaɗo, kuma lokacin fitowarta ɗaya ne da na ganyen kolcikum, wani lokaci ma a fili ɗaya. Ana gane su in an lura: ganyen tafarnuwar kowanne da nasa siririn kara, yana da laushi, yana kuma wari in an murza, na kolcikum ya fi kauri, ba shi da kara, ba shi da wari. To amma wanda ya riga ya murza tafarnuwa sau goma, yatsunsa sun ɗauki warin, duk abin da ya taɓa bayan nan tafarnuwa zai ji. A Japan ma ana samun irin wannan kuskure da wata tafarnuwar dutse tasu, kuma ana rasa rayuka.

Wanda ya ci ba ya jin komai nan take. Bayan wasu sa'o'i sai amai da gudawa da murɗar ciki su taso, a ɗauka gurɓataccen abinci ne. Daga kwana na biyu zuwa mako guda ne ainihin ɓarnar take bayyana: ɓargo ya daina ƙera ƙwayoyin jini, ƙoda da hanta su gaza, zuciya ta raunana. Wanda ya tsallake wannan, gashin kansa yakan zube daga baya. Babu makarin da ake ajiyewa a asibiti domin wannan dafi, injin wankin ƙoda kuma ba ya fitar da shi. Likitocin guba sun daɗe da lura cewa abin da ya haura rabin miligiram a kan kowane kilo na nauyin mutum yana kisa da yawa, miligiram 0.8 kuwa da wuya a tashi.

Wannan dafi shi ne kolcisin. Shi ne kuma maganin.

Tsohon sani, ba ma'auni

Ciwon da ya fito da sunan tsiron shi ne gawut, wanda likitocin Larabawa suke kira niƙris. Ciwon gaɓa ne da ya fi son babban yatsan ƙafa, yakan tashi mutum cikin dare, gaɓar ta kumbura ta yi ja, ko mayafi ya taɓa ta sai an yi ƙara. Diyoskoridis, a ƙarni na 1, ya ambaci tsiron a matsayin guba. A ƙarni na 6 Iskandar na Tiralis ya riƙa ba masu gawut wani tushe na dangin nan. Ibn Sina ya kawo shi a littafinsa Alƙanun da sunan suranjan, maganin ciwon gaɓɓai. Daga baya likitocin Turai suka tsorata da shi suka yi watsi da shi tsawon lokaci, har sai da Anton von Störck na Viyana ya gwada shi ya wallafa sakamako a 1763. Ba da jimawa ba wani hafsan sojan Faransa, Nicolas Husson, ya fara sayar da wani ruwan magani na sirri da ya yi suna wajen kwantar da gawut. A 1814 aka gano a Ingila cewa kolcikum ne sirrin. A 1820 Pelletier da Caventou, masana haɗa magunguna biyu na Faransa da suka tace kwinin a wannan shekarar, suka fitar da sinadarin daga tsiron, sannan Geiger ya ƙara tace shi a 1833 ya raɗa masa suna.

Wato an yi sama da shekara 1,400 da sanin cewa yana aiki. Abin da ba a sani ba shi ne nawa za a sha. Ƙa'idar da ɗaliban likita suka yi ta haddacewa har cikin ƙarni na 20 ita ce: a ba mara lafiya ƙwaya ɗaya duk sa'a ɗaya ko biyu, har sai ciwon ya lafa ko gudawa ta kama shi. Gudawar ita ce ma'aunin. A 1987 aka yi wani ɗan gwaji da mutum 43, gwaji na farko da aka kwatanta maganin da ƙwayar da ba komai a cikinta. Ciwon ya ragu, gaskiya ne. Amma duk wanda ya sha maganin, ba a cire kowa ba, sai da ya yi gudawa ko amai, galibinsu tun kafin sauƙin ya iso.

Dalilin da ya sa tazarar da ke tsakanin magani da guba ta yi ƙunci haka yana cikin yadda sinadarin yake aiki. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu siraran sanduna da ake ginawa a rushe a kowane lokaci. Da su ƙwayar take tafiya, da su take jigilar kaya a cikinta, da su kuma take raba kayan gadonta biyu in za ta haihu. Kolcisin yana maƙalewa a jikin tubalin da ake gina sandunan da shi, ginin ya tsaya. Ta hanyar bin sawun kolcisin ne ma Gary Borisy da Edwin Taylor suka gano wannan tubali a Jami'ar Chicago a 1967, wanda aka sa wa suna tubulin. A gawut, sinadarin yurik ne yake daskarewa a cikin gaɓa ya zama ƙananan allurai, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a kansu, kumburi ya tashi. Kolcisin kaɗan ya isa ya karya wa waɗannan ƙwayoyi ƙafa su kasa isa wurin. In aka ƙara, sai ya taɓa duk inda ƙwayoyi suke yawan haihuwa: bangon hanji, ɓargo, saiwar gashi. Alamomin gubar ke nan, a jere. Kuma bai rage yurik ko kaɗan; wannan aikin wasu magunguna ne irin su alofurinol.

Masu kiwata iri ma sun ci moriyar wannan hali. Tun 1937 aka gano cewa in an jiƙa tsiro da kolcisin kayan gadonsa sukan ninka, kuma ta nan aka bi aka samar da kankana marar 'ya'ya.

A 1972 wani likita a Boston, Stephen Goldfinger, ya ba da rahoton cewa shan kolcisin kullum yana hana tashin wani zazzaɓin gado da ke addabar mutanen kewayen Bahar Rum, musamman Turkawa da Armeniyawa da Larabawa da Yahudawa. Ga waɗannan mutane maganin ba na rage zafi ba ne kawai. Shi ne yake hana cutar lalata musu ƙoda, kuma sha ne na har abada. A riƙe su a rai, domin su ne abin da ya biyo baya ya fi taɓawa.

Abin da ya faru a Amurka

Dokar magunguna ta Amurka ta 1938 ta ce sai an nuna magani ba ya cutarwa kafin a sayar, gyaran 1962 kuma ya ƙara da cewa sai an nuna yana aiki. Kolcisin ya girmi dokokin biyu. Saboda haka ƙwayarsa tsura ta ci gaba da yawo a kasuwa ba tare da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ta taɓa tantance ta ba. Kamfanoni da dama suna bugawa, ƙwaya ɗaya wajen santi 9, takardar da ke cikin kwali kuma ba wanda ya duba abin da ta ce.

Ba za a ce hukumar ta tashi da maganar don neman fitina ba. A 2006 ta ƙaddamar da shirin shigo da irin waɗannan tsofaffin magunguna cikin tsari. A 2007 mutum uku suka mutu bayan an yi musu allurar kolcisin da aka yi kuskuren haɗawa, ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a kwalba sau takwas. A watan Fabrairun 2008 hukumar ta hana allurar baki ɗaya, tana mai nuni da rahoton mutuwar mutum 23. Da ta waiwayi ƙwayar sha, sai ta tarar da rahoton mutuwa 169. Abin tayar da hankalin shi ne 117 daga ciki ba wai sun sha fiye da kima ba ne. Kuma 60 daga cikin 117 ɗin suna shan wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kilaritromaisin, a lokaci guda. Wannan maganin yana toshe hanyoyin da jiki yake bi ya fitar da kolcisin, sai ya taru a jini, ma'aunin da ya saba zama lafiya ya koma kisa. Mai raunin ƙoda ko hanta shi ma haka abin yake a gare shi.

Wani kamfani a Filadelfiya, URL Pharma, ya amsa kiran hukumar. Ya yi binciken yadda maganin yake cuɗanya da wasu magunguna, ya kuma ɗauki nauyin gwajin da aka sa wa suna AGREE. Mutum 184 da gawut ya tasar wa aka kasa uku. Kashin farko suka sha irin na da, miligiram 4.8 cikin sa'a shida. Na biyu suka sha miligiram 1.2, bayan sa'a ɗaya suka ƙara 0.6, shi ke nan. Na uku aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki. Bayan sa'a 24, waɗanda zafinsu ya ragu da rabi ko fiye sun kai kusan kashi 38 cikin 100 a masu ƙaramin ma'auni, kashi 33 a masu babba, kashi 16 a masu holoƙon ƙwaya. Gudawa kuwa ta kama kashi 77 na masu babban ma'auni, kashi 23 kacal na masu ƙarami. Ƙwaya uku sun yi aikin takwas, wahalar kuma ta ragu da nisa.

A ƙarshen Yulin 2009 hukumar ta amince da ƙwayar kamfanin mai suna Colcrys. Doka ta ba shi shekara uku shi kaɗai a kasuwa a kan gawut, da shekara bakwai a kan zazzaɓin Bahar Rum, a ƙarƙashin dokar da aka yi don ƙarfafa neman maganin cututtukan da ba su da yawa. Kamfanin ya sa farashi dala 4 da santi 85 a kan ƙwaya ɗaya, ya kuma kai wasu masu buga tsohuwar ƙwayar kotu. A ƙarshen Satumbar 2010 hukumar ta umarci sauran kamfanoni su daina. Ƙwayar da ake sha tun kafin a haifi kakannin masu kamfanin ta ninka kuɗi fiye da sau 50, a ƙasar da masu gawut suka haura miliyan 8.

Aaron Kesselheim da Daniel Solomon, likitoci biyu na Harvard, sun yi lissafi a 2010. Shirin Medicaid, mai biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani, ya kashe kusan dala miliyan 1 a kan kolcisin a 2007. Da sabon farashi abin zai iya kai wa dala miliyan 50 a shekara. Mai gawut da yake shan ƙwaya uku in ciwo ya tashi zai iya cije haƙori ya saya. Amma mai zazzaɓin gado da yake shan biyu ko uku kullum, abin da bai kai dala 10 a wata ba ya koma ɗaruruwa. Ga shi kuma kamfanin bai yi wani sabon gwaji a kan masu wannan cuta ba. Tsofaffin binciken da wasu suka wallafa tun shekarun 1970 ya tattara ya miƙa, aka ba shi shekara bakwai. Binciken da aka yi daga baya ya nuna an rage rubuta wa sababbin marasa lafiya maganin bayan tashin farashin. A 2012 kamfanin Takeda na Japan ya saye URL Pharma a kan dala miliyan 800, kuma Colcrys ne mafi yawan abin da ya saya.

A nan ra'ayi ya rabu, kuma ina ganin kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Kamfanin ya ce shi ne ya sa kuɗinsa ya amsa tambayar da aka yi shekaru ana kaucewa, kuma gargaɗin da ke jikin kwali yanzu ya ceci rayuka. Wannan ba ƙarya ba ne. Masu suka suka ce ƙaramin ma'auni ba sabon abu ba ne, ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta riga ta ba da shawararsa tun 2006, haɗarin kilaritromaisin ma an riga an wallafa shi. Wannan ma haka yake. Sai dai shawarar masana daban, gwajin da aka auna daban, kuma likitoci da yawa ba su bar tsohuwar ƙa'ida ba sai da ta fito a rubuce a takardar hukuma.

Inda na tsaya shi ne, aikin ya cancanci lada, amma ladan ya fi aikin nesa ba kusa ba. Gwajin mutum 184 na 'yan kwanaki abu ne da kowace hukumar bincike ta gwamnati za ta iya ɗaukar nauyinsa da abin da bai kai kuɗin da Medicaid ta yi asara a shekara ɗaya ba. Ba wanda ya yi, saboda maganin santi 9 ba shi da mai shi, abin da ba shi da mai shi kuma ba mai kashe masa kuɗi. Da aka rasa mai yi, sai doka ta biya ɗan kasuwa da abin da take da shi, wato ta rufe wa kowa ƙofa ta ba shi mabuɗi. Kuma FDA ba ta da ikon sa baki a farashi, ita da kanta ta faɗi haka. Kamfanin bai karya doka ba. An yi gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Sai a 2014 da 2015, da wata ƙwaya mai suna Mitigare da wasu marasa tambari suka shigo, farashin ya fara sassautawa, amma bai koma inda ya taso ba. Shirin hukumar kansa an soke shi a Nuwambar 2020 bisa zargin yana tayar da farashi, aka dawo da shi a Mayun 2021.

Wata hanyar, a wani gefen duniya

Ana cikin wannan rigima, a birnin Perth na Ostireliya wani likitan zuciya, Mark Nidorf, da abokin aikinsa Peter Thompson suna bin wata tambaya dabam. An riga an fahimci cewa toshewar jijiyoyin zuciya ba taruwar kitse ba ce kawai. Kitsen da ya kwanta a bangon jijiya shi ma yakan daskare ya yi tsini, ya tayar da irin kumburin da alluran yurik suke tayarwa a gaɓa, kuma kumburin ne yake fasa wurin jini ya daskare a kai. In haka ne, maganin gawut zai iya taimakon zuciya. Suka gwada rabin miligiram kullum a kan mutum 532, ba tare da wani babban kamfani a bayansu ba. Sakamakon da ya fito a 2013 ya yi kyau har ya sa shakka: kashi 5.3 na masu shan maganin ne suka gamu da matsala, a ɗaya ɓangaren kashi 16. Gwajin ƙarami ne, marasa lafiyan kuma sun san abin da suke sha.

A 2017 wani babban gwaji mai suna CANTOS, da mutum sama da 10,000, ya tabbatar da cewa rage kumburi kaɗai yana rage kamuwa da ciwon bugun zuciya, amma da wata allura mai tsadar gaske. Sai ido ya koma kan ƙwaya mai araha. Cibiyar Zuciya ta Montreal a Kanada, ƙarƙashin Jean-Claude Tardif, da tallafin gwamnatin Kebek da wasu gidauniyoyi, ta gwada kolcisin a kan mutum 4,745 da ba su wuce kwana 30 da bugun zuciya ba. A 2019 aka ga kashi 5.5 na masu shan maganin ne suka gamu da matsala, a ɗaya ɓangaren kashi 7.1. A 2020 Nidorf da likitocin Holan suka fitar da gwaji na biyu, mutum 5,522, kashi 6.8 a kan kashi 9.6. A kwatanta: waɗannan gwaje-gwaje biyu sun ɗauki mutum sama da 10,000 tsawon shekaru, mafi yawan kuɗinsu na jama'a ne da na gidauniya, kuma sakamakon na kowa ne. A Yunin 2023 FDA ta amince da ƙwayar rabin miligiram domin kare zuciya, da sunan Lodoco.

Da a nan labarin ya tsaya da an ce tsiron ya gama cika alkawari. Amma da sauran rina a kaba. A gwajin Montreal ciwon huhu ya ɗan fi yawa a masu shan maganin. A na biyun kuma mutuwar da ba ta shafi zuciya ba ta ɗan fi yawa a cikinsu, ko da yake bambancin bai kai a yanke hukunci a kansa ba, kuma babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da ya nuna an rage yawan mutuwa gaba ɗaya. Sannan a Nuwambar 2024 gwaji mafi girma a kan zuciya, CLEAR SYNERGY, wanda Sanjit Jolly ya jagoranta daga Hamilton ta Kanada, ya fito da mutum 7,062: kashi 9.1 a kan kashi 9.3, wato babu bambanci. Masu goyon bayan maganin suka ce annobar korona ta dagula gwajin, mutane da yawa kuma sun daina sha a hanya. Wasu suka ce a'a, gwaje-gwajen baya ne suka yi sa'a. Manyan gwaje-gwaje biyu a kan shanyewar ɓarin jiki, ɗaya a Turai ɗaya a Sin, su ma ba su nuna fa'ida bayyananniya ba. A kan korona kuwa, gwajin RECOVERY na Birtaniya ya sa mutum fiye da 11,000 da ke kwance a asibiti, bai ga wani amfani ba.

Abin da ya tabbata zuwa yanzu: gawut, zazzaɓin Bahar Rum, da kumburin jakar da ke lulluɓe da zuciya, wanda gwaje-gwajen Italiya suka nuna kolcisin yana rage dawowarsa da kusan rabi. Na jijiyoyin zuciya yana tsakiya. Ƙa'idojin likitocin Turai na 2024 sun ce a duba yiwuwar ba da shi, ba su ce dole ba. Duk wannan kuma magana ce ta rabin miligiram da aka auna a ma'aunin ɗakin bincike. Yawan sinadarin a jikin tsiron yana bambanta daga iri zuwa fure zuwa tushe, daga wata zuwa wata, daga fili zuwa fili, kuma 'yan giram na irin sun isa su kashe babban mutum. Babu hanyar da mutum zai jiƙa ko ya dafa wannan tsiro a gida ya san abin da ya sha.

Abin mamaki, yawancin kolcisin da ke cikin ƙwayoyin nan yanzu ba daga makiyayar Turai yake fitowa ba. Daga wata 'yar uwarsa ce mai yaɗo, Gloriosa superba, mai fure ja da rawaya kamar harshen wuta, wadda take fitowa a daji a Afirka da Asiya, ita ce ma furen ƙasa na Zimbabuwe. Irinta ya fi yawan sinadarin, kuma manoma a jihar Tamil Nadu ta Indiya suna noma ta a kan shinge, suna barbarar furen da hannu don ya yi iri sosai, kamfanonin tacewa su saye. A 2020 masu bincike a Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Elizabeth Sattely, suka gano mafi yawan matakan da wannan tsiro yake bi wajen ƙera sinadarin, suka dasa su a jikin wani ɗan uwan taba.

Shi kuwa kolcikum yana nan a makiyayarsa. A Ingila ya ragu sosai, domin makiyaya sun daɗe suna tumɓuke shi saboda dabbobinsu. A sassan Jamus da Ostiriya akasin haka ake gani: filayen da ake jinkirta yankan ciyawarsu domin kare tsuntsaye da furanni sun ba shi damar zubar da iri, ya yaɗu har wasu manoman sun kasa sayar da ingiricinsu ga masu dawakai. Shawarar da jami'an gona suke ba su ita ce su shiga filin a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da tsohon tushe ya ƙare ƙarfinsa sabon kuma bai ƙosa ba, su sa safar hannu su tuge ganyen ɗaya bayan ɗaya, su kwashe daga filin, su kuma maimaita haka shekaru da dama a jere.